Wa Za Ki Daina Bi, Gwaggonki?

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan. Ina jin kin ci karo da ita, ko a takardun da ake ajiyewa a ɗakin jiran likita, ko a wasiƙar da makarantar yara ke aiko wa iyaye, ko ma a cikin wayar ita kanta. Cewa ake yi ki yi wa shafinki tankaɗe da rairaya. Duk wanda hotonsa ke sa ki raina kanki, ki daina bin sa. Duk mai tallan da ke nuna miki jikinki na buƙatar gyara, ki toshe ta. Ki maye gurbinsu da mutanen da ganinsu ke kwantar miki da hankali. A taƙaice dai, ki share ɗakinki na cikin waya kamar yadda kike share na kwana.

Ni ma ina ba da wannan shawara a wurin aiki, kuma zan ci gaba da bayarwa. Amma duk ranar da na zo faɗa wa 'yar gida, Bahaushiya irina da ke zaune a nan Ingila, sai in ji maganar kamar rigar aro. Ta shiga dai, amma ta kama a hammata, ta ɗage a ƙasa. Ba da awonmu aka ɗinka ta ba.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta. Manhajoji irin su Instagram da TikTok da Facebook ba jero miki abubuwa suke yi bisa lokacin da aka ɗora su ba, sai in ke kika nemi hakan. Lissafi suke yi da ke. Wane bidiyo kika tsaya a kansa, daƙiƙa nawa, kin maimaita ko kin wuce, kin leƙa sharhin mutane ko kin tura wa wata. Kuma ba ruwan lissafin nan da dalilin tsayawarki. Ko sha'awa ce ta tsayar da ke, ko takaici, ko tsabar mamakin rashin kunyar mai bidiyon, duk ɗaya ne a wurinsa: kin tsaya, gobe a ƙaro miki. Shi ya sa mai jegon da ta kalli bidiyon rage tumbi guda uku da tsakar dare tana shayarwa, kafin mako ya zagayo sai ta ga kamar duniya ba ta da wani zance sai tumbi. Mai cewa ki kula da abin da kike tsayawa a kansa, gaskiya ya faɗa miki.

Su ma masu manhajar sun san da haka. A watan Satumba na 2021 jaridar Wall Street Journal ta fitar da takardun cikin gida na Facebook, waɗanda wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta kwaso. A ciki, masu binciken kamfanin da kansu sun rubuta cewa cikin 'yan mata masu tasowa da dama ba sa jin daɗin jikinsu, kusan ɗaya cikin uku ta ce Instagram ƙara mata wannan damuwa yake yi. Kamfanin ya ce an juya masa magana, amma bai ce takardun ba nasa ba ne.

Sai dai ga wani abu da masu shawarar ba su cika faɗa ba. Binciken da aka fi kafa hujja da shi, rage lokaci ya auna. A 2018, a Jami'ar Fensilbeniya da ke Amurka, an raba ɗalibai 143 gida biyu, aka ce rabi su tsaya a minti goma-goma kullum a Facebook da Instagram da Snapchat na tsawon mako uku. Waɗanda suka rage ɗin, kaɗaici da damuwarsu sun ragu. A 2023 kuma aka fitar da wani daga Otawa a ƙasar Kanada, da ɗalibai 220 'yan shekara 17 zuwa 25, aka nemi rabinsu su tsaya a awa ɗaya a rana. Bayan mako uku, yadda suke ganin kamanninsu da nauyinsu ya gyaru. Kin ga ke nan, abin da aka gwada shi ne ajiye wayar. Batun ki sauya waɗanda kike bi amma ki ci gaba da kwana a kanta, wannan shawara ce da ta fi yi wa masu manhajar daɗi, don ba ta rage musu ko sisi.

Wannan ma ƙaramar matsala ce in aka kwatanta da wadda ta sa na zauna rubutun nan.

Wanda ya tsara shawarar, a ransa ya ɗauka mutanen da ke cikin wayarki baƙi ne. 'Yan fim, mawaƙa, masu motsa jiki da ba su san da zamanki a duniya ba. Ki danna maɓalli ɗaya su ɓace, ba wanda zai kira mahaifiyarki ya kai ƙararki. To, buɗe wayarki ki ƙirga. Mu inda muka fi zama WhatsApp ne. Guruf ɗin gidanku, guruf ɗin dangin miji, na 'yan ajinku na sakandare, na matan masallaci, na adashi, na bikin 'yar wance da aka yi tun bara amma har yau ba a rushe shi ba. Sannan ga sitatus, inda kowace amarya da kowace mai jego da kowace hajiyar da ta sauka daga Umara ke baje kolinta. Waɗannan ba lissafin na'ura ne ya kawo miki su ba. Jini ne da aure da maƙwabtaka.

Ki ɗora hoton Sallah, ke da yara, kin sha leshinki kin ɗaura ɗankwali, kina jin kin fito. Kafin la'asar ga saƙon murya daga Gwaggo: "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Na ga duk kin zabge, kin yi duhu. Ba a Turai kike ba? Ko aikin daren nan ne? Ki riƙa cin abinci mana." Wallahi ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ce ta goya ki, kuma a iliminta jiki magayi ne, ramar 'ya alama ce ta cewa akwai abin da ake ɓoye wa manya. Amma ke da kika saurara, sai ki koma kan hoton ki buɗe shi da yatsa biyu kina duba wuyanki. To yanzu wa za ki daina bi? Gwaggon?

Mu da ke zaune a waje muna da wani ƙarin nauyi da ba a faɗa. Jikinmu shi ne rasit ɗin zaman Turai. A gida an riga an yanke cewa wadda ta tafi inda ba rana, ba ƙura, ba ɗauke wuta, dole ta yi haske ta yi ɓulɓul. In kika rame, to ko mijin ba ya riƙe ki da kyau, ko takardunku sun sami matsala. In kika yi duhu, wahala ce. In kuma Allah ya sa kika murje, sai a ce hutu ya karɓe ki, kuma kada ki yi mamaki in saƙon da zai biyo baya na kuɗin makarantar wani ne. Ba wanda ya ga kin tsaya awa goma sha biyu a kan ƙafafunki, kin dawo a motar haya cikin sanyi, kin ɗora tukunya kafin ki cire takalmi. Don haka sai mu ma mu koyi zaɓen hoto. A ɗauki ashirin a tura ɗaya, wanda hasken taga ya faɗo a fuska, a bi shi da filta. Ita kuma ƙanwarki da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi ta gani ta raina kanta, ta rama da nata hoton a wurin biki, ke ma ki gani ki ji rayuwa ta bar ki a baya. Kowa na kallon ƙaryar ɗan'uwansa yana jin haushin gaskiyarsa.

Wani zai ce ai sai ki fita daga guruf ɗin. Mai faɗin haka bai taɓa zama a hawa na tara a watan Disamba ba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, maigida na wurin aiki, yara na makaranta, maƙwabciya kuma sai da alƙawari ake ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wayar nan ita ce tsakar gidanta. A nan take jin an haihu, a nan take jin an rasu, a nan take jin Hausa daga bakin wanda ba ɗanta ba. Ka ce ta fita, ka ce ta toshe ƙofar da ta rage mata ke nan. Kuma a wurinmu fita daga guruf ɗin dangi ba ƙaramin abu ba ne, ana iya shekara ana zancensa.

Waje na biyu da rigar ta matse mu shi ne irin jikin da ake zaton muna nema. Kusan duk takardun nan a kan tsoron ƙiba aka gina su: yarinya na kallon sirara, tana ƙin cin abinci. Wannan akwai shi a gidajenmu, zan zo kansa. Amma matsin da ya fi yawa a shafukan matanmu wani iri ne daban. Ana son ki cika, amma a wurare na musamman: ƙugu da ƙirji su fito, ciki ya lafe, wuya ya yi gwiɓi, fata kuma ta yi haske har gwiwar hannu da 'yan yatsu. Jikin da ba abinci ke kawo shi ba, ba kuma motsa jiki ba. Sai kwalba.

Ki saurari bidiyon masu sayar da kayan gyaran jiki sau ɗaya da kunnen basira, don gaskiya gwanaye ne, kuma gwanintar ce abin tsoro. Da sallama take farawa, cikin murya mai sanyi, 'yan'uwana mata, uwargida da amarya. Ba za ta taɓa ce miki ke mummuna ce ba. Labari za ta ba ki, na wata baiwar Allah da ta saki jikinta bayan haihuwa ta uku, tana ta hidimar yara, ba ta farga ba sai da aka kawo lefen wata. Sai ta ɗan yi shiru. Sai ta ce namiji ɗan kallo ne, mace sai da gyara. Daga nan sai hoto biyu, na da da na yanzu, wanda in kika lura za ki ga har bangon ɗakin ya ƙara haske a na biyun. Sai a rufe da cewa haɗin itatuwa ne zalla, ba shi da illa, kuma ana aikawa har Landan da Jidda. Mai tallan Bature kyau take sayar miki. Tamu kuwa tsoro take sayarwa, tsoron kishiya da tsoron zawarci, ta naɗe shi cikin nasiha irin ta babbar yaya. Shi ya sa toshe ta ke da wuya. Ba ki jin kamar talla kika kalla, ji kike kamar wata ce ta damu da aurenki. Kuma sau da yawa ba ke kika nemo ta ba, aminiyarki ce ta turo miki da kyakkyawar niyya.

Bari in faɗa miki abin da ke cikin kwalbar, tunda nan ne fagen aikina. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ki gane su in kin gani. Ƙwayoyin ƙibar da ake kira sha ka fashe, galibi ɗayan biyu ne. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke buɗe ciki yana kuma sa barci mai nauyi, yana iya taɓa hanta. Shi ne a cikin ruwan maganin nan Apetamin da ya yi tashe a tsakanin 'yan mata baƙar fata a nan, wanda ba shi da lasisin sayarwa a Birtaniya. A 2021, bayan wani shirin BBC a kansa, shugabannin NHS na Ingila sun rubuta wa Instagram suna neman a rufe shafukan da ke tallansa. Na biyun shi ne dexamethasone, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Magani ne mai ƙarfi da muke ceton rai da shi a asibiti, amma wadda ta mai da shi abincin kullum, ƙibar da za ta samu ta cuta ce: fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannaye da ƙafafu su sirance, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Kumburin fuskar nan shi ne dangi ke gani a hoto su ce ma sha Allah, ta yi kyau.

Man bilicin ma haka. Ko an kira shi haɗi, ko an ce daga ganye aka yi shi, in dai yana sauya launin fata cikin mako biyu, to da wuya a rasa ɗayan uku a ciki: hydroquinone, ko sinadari mai ƙarfi irin clobetasol, ɗan'uwan dexamethasone ɗin can, ko kuma mercury. Duka ukun doka ta hana sa su a man kwalliya a nan, jami'ai na kama su a shaguna da tashoshin shigo da kaya, amma a jakar matafiya da ta gidan waya suke shigowa. Na farkon, in aka daɗe ana shafawa, yana barin wani baƙi mai ratsin shuɗi a kumatu wanda yake da wuyar fita. Na biyun yana cinye kaurin fata, nankarwa ta fito jajir, jijiyoyi su bayyana, ciwo ya ƙi warkewa. Mu da ke cire filasta a jikin majinyata mun san fatar da ke biyo filastar. Na ukun ƙoda yake ci, kuma yana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono.

Duk wannan, ba za ki same shi a takardar da ke ɗakin jiran likita ba. Wanda ya rubuta ta bai san ana shan magani don a yi ƙiba ba.

Sai rabin shawarar na biyu, wato ki cike shafinki da masu cewa ki so jikinki yadda yake. Niyyar mai kyau ce, kuma akwai wadda abin ya taimaka wa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka fitar a 2019, da mata 195, ya nuna cewa kallon irin waɗannan hotuna na ɗan lokaci yana gyara yanayin zuciya da yadda mace ke jin jikinta. Amma binciken ya gano wani abu kuma: matan da suka kalle su, da aka ce su bayyana kansu, sun fi yin zancen kamanninsu fiye da waɗanda aka nuna wa hotunan da ba jikin mutum a ciki. Wato ko yabo ake yi ko kushe, in dai jiki ne a kan faifai, idonki na kan jikinki. Ni a ganina shafin da ya fi hutar da mace shi ne wanda ya mantar da ita madubi gaba ɗaya. Mai koyar da ɗinki da hannayenta kawai ake gani, mai shuka alayyafo a bokiti a baranda, malamin tarihi, mai karatu, mai ba da dariya. Minti ashirin ki tashi ba ki tuna kina da hanci ba.

Na ce hanci da gangan. Mu masu rufe jiki muna ganin kamar mun tsira daga wannan gasar, alhali matsawa kawai ta yi zuwa inda ya rage a buɗe. Duk nauyin ya dawo kan fuska da tafin hannu. Filta kuwa ba ta zo da adalci ba: yawancinsu ƙara haske suke yi, su sirantar da hanci, su goge duk wani tabo. Tun a 2017 mai manhajar FaceApp ya fito ya nemi afuwa saboda filtarsa ta ƙara kyau tana mai da baƙar fata fara. Yarinyar da ta saba ganin fuskarta ta filta sau hamsin a rana, ta madubin banɗaki ce za ta koma mata baƙuwa.

'Ya'yanmu mata da aka haifa a nan su ne a tsakanin madubi biyu. A makaranta da TikTok ana nuna mata cewa kyau shi ne ciki kamar faranti. A gida kuma, da an yi kiran bidiyo da kaka, sai a ce wannan yarinya ba kwa ba ta abinci ne, kamar sillen kara. In ta tafi hutu gida, wata inna ta kama haɓarta ta ce ina ma hasken ubanta ta ɗauko. Ke uwa, ki sa ido. Yarinyar da kullum ta ce ta ci a makaranta, ko take shigewa banɗaki da zarar an gama cin abinci, ko ta koma sa manyan kaya, ko al'adarta ta ɗauke, kada ki ce yanga ce ko ƙin tuwo. Cutar ƙin cin abinci ba ta Turawa kaɗai ba ce, kuma tana kisa. Ki kai ta wurin likita. Akwai ƙungiyar Beat da ke taimaka wa iyaye a kan wannan.

Kuma a kan yara ne shawarar tankaɗe da rairaya ta fi nuna gazawarta, don ta ɗora duk aikin a kan mai riƙe da waya. Molly Russell 'yar shekara 14 ce daga arewa maso yammacin Landan, ta kashe kanta a watan Nuwamba na 2017. A zaman binciken mutuwarta a 2022 aka bayyana cewa a wata shidan ƙarshe na rayuwarta ta yi mu'amala da abubuwa kusan 2,100 a Instagram da suka shafi damuwa da cutar da kai da kisan kai, kuma wasu abubuwan manhajoji ne suka riƙa turo mata ba tare da ta nema ba. Mai binciken ya yanke cewa abin da ta gani a intanet ya taimaka wajen mutuwarta. Yanzu ki ce wa yarinya mai irin wannan hali ta zauna ta tankaɗe shafinta? Mai ciwon damuwa abin da ya yi kama da zuciyarsa yake nema, na'ura kuma ta ƙara masa. Shi ya sa Birtaniya ta yi dokar tsaron intanet a 2023, wadda ta ɗora wa kamfanonin alhakin kare yara. Ko za ta yi aiki yadda ake so, lokaci ne zai nuna, amma aƙalla an gane cewa mai rijiya ne ya kamata ya yi mata murfi.

Kai kuma maigida, na san kana leƙen rubutun nan ta kafaɗarta, to ga naka. Ba a taɓa cewa ka tankaɗe naka shafin ba, alhali da yawa daga damuwar matan nan daga wayarka ta taso. Lissafin da ke aiki a kanta shi ke aiki a kanka: ka tsaya a kan bidiyon rawa ɗaya, gobe a kawo maka goma. A hankali idonka ya saba da fuskar da filta ta ƙera da jikin da aka yi wa tiyata, ka ɗago ka kalli matar da ta haifa maka huɗu, ka ce cikin wasa, ke ba kya ganin yadda mata ke gyarawa? Wasan nan naka shi ne jarin mai kayan gyaran jiki. Mahaifa kanta sai ta yi kusan mako shida kafin ta koma mazauninta, naman ciki kuwa watanni yake ɗauka, wani ma ba ya komawa yadda yake. A gida mai jego tana da uwa da kaka da ruwan zafi da kunun kanwa har kwana arba'in. A nan sau da yawa washegari ake sallamarta, kai ne uwar, kai ne kakar. Kuma fiye da mace ɗaya cikin goma na kamuwa da ciwon damuwa a shekarar farko bayan haihuwa. Ka san abin da za ka faɗa.

To me ya rage na shawarar da za ki iya amfani da shi? Akwai, in aka rage mata tsawo aka buɗe hammata. Baƙi dai ki toshe su ba tare da kin waiwaya ba, mai talla ba danginki ba ce ko da ta kira ki 'yar'uwa. Dangi kuma ba sai an yi fito-na-fito ba. A WhatsApp kina iya ɓoye sitatus ɗin mutum ba tare da ya sani ba, kuna nan kuna gaisawa lafiya lau. Kina iya zaɓen waɗanda za su ga naki, don ba kowane hoto ne sai Gwaggo ta yi masa tafsiri ba. Ki kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu, ta yadda sai kin ga dama za ki buɗe. Guruf mai yawan hayaniya ki rufe masa murya ki tura shi ma'ajiya, ki riƙa leƙawa sau ɗaya a rana kamar mai zuwa gaisuwa. In fitar ta zama dole, tun 2022 masu kula da guruf kaɗai ake sanar wa, ko da yake mai bincike zai iya ganin sunanki a jerin waɗanda suka fita na ɗan lokaci, kuma kin san ba a rasa mai bincike a dangi. TikTok da Instagram duka sun sa wurin da za ki goge abin da suka koya game da ke, su fara daga farko. Abu ɗaya da nake roƙon ki bari shi ne tura bidiyo don a yi tir da shi, irin na ku zo ku ga yadda duniya ta lalace. A wurin na'ura wannan ƙuri'a ce kika jefa masa, kuma kin kai shi wayar mata talatin da ba su nema ba.

Gwaggo kuwa, amsarta ba a maɓalli take ba. Ki kira ta, ki gaishe ta da kyau, ki ce lafiyarki ƙalau, an auna jininki an auna suga komai daidai, ramar nan ta tafiya ce da aiki. Yawancinsu abin da suke son ji ke nan. In kuma zancen hasken 'yarki ne, ki faɗa cikin ladabi, tun kafin a miƙa wa yarinyar waya, cewa don Allah a bar yi mata maganar launinta, tana ji kuma yana zama a ranta. Za a ce kin zama Baturiya. Ki bari a ce.

Akwai kuma inda maganar ta wuce waya. In kin yi mako biyu ko fiye kullum zuciyarki a cunkushe, abin da kike jin daɗinsa da ya fita a ranki, barci ya ƙi ko ya yi yawa, kina kuka ba dalili, ko tunanin gara ki mutu yana zuwa miki, to ba toshe wance ne zai magance shi ba. Ki ga likitanki na GP. A Ingila kina ma iya miƙa kanki kai tsaye ga sashen NHS na magani ta hanyar tattaunawa ba sai an tura ki ba, kuma kina da damar neman tafinta in Hausa ta fi miki sauƙin fitar da abin da ke ranki. In tunanin ya kai ga kina jin za ki cutar da kanki yanzu, 999 ne ko sashen gaggawa na asibiti.

Wadda kuma ta riga ta daɗe tana shan dexamethasone, don Allah kada ki karanta wannan ki watsar da shi yau. Jikinki ya daina haɗa nasa sinadarin saboda ya saba ana ba shi daga waje, yankewa lokaci guda na iya sa jini ya faɗi har a kwanta asibiti. A hankali ake janye shi, a hannun likita. Haka ma man shafawa mai ƙarfi, in aka daina kwatsam fata na iya yin ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje, sai mace ta tsorata ta koma. Ranar da za ki je, ki saka kwalbar ko robar a jaka ko da ba rubutu a jikinta, ki ajiye ta a kan tebur ki faɗi tsawon lokacin da kika yi kina amfani da ita. In ana shirin yi miki tiyata ko kina da ciki, ki faɗa tun a ganin farko, ko ba a tambaye ki ba, don yawancin ma'aikatan nan ba za su san su tambaya ba.